Labarin da na rubuta ya sa mutane kuka, amma yau kwana 9 Inna ba ta amsa gaisuwata

Assalamu alaikum Tanti, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ƴar shekara 22 ce a nan Damagaram, na yi bak, jarrabawar gama sakandare, ban samu ci gaba ba, ina gida ina ɗan ɗinki kuma ina rubuta labari a WhatsApp. Na yi labarai biyu na soyayya babu wanda ya kula sai dai a ce "ma sha Allah a ci gaba". Sai bana na fara wani na yarinyar da uwarta ta rasu tana shekara 7, matar uba ta riƙe ta. Tanti wallahi ban zaci haka ba, mutane na turo mini murya suna kuka, wata daga Maraɗi ta ce ta kasa cin abinci ranar da ta karanta wurin da yarinyar ta buɗe akwatin uwarta ta shinshina zanenta. Har gurup na kuɗi na buɗe, dala 100 ta kuɗin sefa kowa, mun wuce mutum 200. Gaskiyar magana labarina ne, sunaye kawai na canza. Har unguwarmu na sa, har sana'ar Baba, har maganar da Inna matar Babana ta gaya mini ranar da na fasa bido, jarkar ruwa, a famfo. Toh ƙanwata da muke uba ɗaya ta gani a wayar ƙawarta, ta karanta ma Inna duka. Yau kwana 9 Inna ba ta amsa gaisuwata, na ji ta a ɗaki tana kuka tana cewa shekara 15 tana wahala da ni ashe sakayyar ke nan. Baba ya ce in na ƙara rubuta ko harafi ɗaya zai karɓe wayar. Masu karatu kuma sun dame ni tunda sun biya, wasu na cewa in sa matar uban ta makance ko ta haukace a ƙarshe. Ni ban yi ƙarya ba ko ɗaya, duk abin da na rubuta ya faru, amma da na ji kukan Inna sai jikina ya mutu. In bari ne? Kuma in na cire zafin wa zai karanta?

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya haskaka kabarinta, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin akwatin nan ni ma sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don na san ƙanshin da kike nufi, zanen da ya daɗe a ninke ya sha turaren wuta, wanda in ka buɗe sai ka ji kamar mai shi ta fita ne makwabta yanzu za ta shigo.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ta ɗaure ki, in ta warware sauran duk masu sauƙi ne. Kina tsoron in kin cire zafin Inna labarin zai mutu. To koma ki duba abin da ke da kanki kika rubuto mini: matar nan ta Maraɗi a ina ta kasa cin abinci? A wurin akwati. Inna tana cikin wannan wurin? Babu ta. Yarinya ce kawai da zane da ƙanshi, babu zagi babu duka babu mugu, kuma nan ne labarinki ya kama mutane a maƙogwaro. Abin da ya sa su kuka kewa ce ƴata, kewar uwa, kuma kusan duk wanda ya karanta yana da wani da ya tafi ya bar masa hula ko carbi ko lambar wayar da har yau ya kasa gogewa. Ke kin buɗe akwatin uwarki, su kuma kowa nasa akwatin ya buɗe. Shi ya sa labaranki biyu na farko ba su motsa kowa ba, ina kyautata zaton kin rubuta su da abin da kika karanta a wurin wasu, mota da gidan bene da saurayi mai kuɗi, wannan kuwa kin rubuta shi da abin da hancinki ya shaƙa.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Ki ɗauki Suratu Yusuf, ba ƙagaggen labari ba ne, Allah ya tsare, amma Allah da kansa ya kira shi mafi kyawun labari a aya ta 3. Ƴan uwa sun jefa Annabi Yusufu a rijiya, an sayar da shi, an ɗaure shi a kurkuku, duk muna ji muna jinjinawa, amma ki lura da inda muryar mai jan baƙi take rawa lokacin tafsirin azumi, inda mata ke sa gefen mayafi a ido. Wurin Annabi Yaƙub ne, da idanunsa suka yi fari don baƙin ciki a aya ta 84, da kuma aya ta 94 da ayari ya baro Masar ya ce shi fa yana jin ƙanshin Yusufu, mutanen gida suna ganin tsufa ne ya ruɗa shi. Ƙanshi da riga. Kin ga zanenki ke nan. Sannan wuri na biyu, aya ta 92, lokacin da Yusufu ya samu iko a kansu gaba ɗaya, suna tsaye gabansa a ƙasƙance, ya ce musu babu zargi a kanku yau. Da ya sa an makantar da su, da mun ce madalla mun tashi mun manta. A littattafan Hausa ma haka ne, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa tun 1934 yake hannun mutane, akwai bauta a ciki akwai hamada akwai azzalumai, amma ki tambayi duk wanda ya karanta abin da ya tsaya masa, zai ce miki uwar nan da ta bar gida tana neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bayi, ta gan shi a ƙarshe ba ta daɗe ba ta cika.

Su masu cewa ki makantar da matar uban, ban ga laifinsu ba sosai, da tatsuniyar bora da mowa muka tashi duka, kowa ya saba a ƙarshe mowa da ɗiyarta su ji kunya. Haushi yana da saurin kamawa kamar wutar kara, yana sa a yi ta rubutu a gurup ana Allah ya isa, gobe kuma an koma wani labarin an sami wata muguwar. Amma su a wurinsu matar uban nan suna ce a waya. Ke a wurinki mace ce mai rai da ke tuƙa tuwo a tsakar gidanku, kuma duk unguwa ta gane ta. In kika makantar da ita a labari, ita za ta karanta a matsayin abin da kike mata fata ke nan, kuma wannan tabon ba na jin zai goge ko bayan aurenki. Kar ki yi, ko nawa za su biya.

Yanzu maganar "ban yi ƙarya ba". Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, kuma ba zan ce miki abin da Inna ta faɗa ranar bido ba komai ba ne, maganar da yarinya marainiya ta riƙe shekara da shekaru har ta iya rubuta ta kalma da kalma, magana ce da ta yi rauni. Amma ƴata kin san hadisin nan da ke cikin Muslim, da Manzon Allah (SAW) ya ce giba ita ce ka ambaci ɗan uwanka da abin da yake ƙi, aka ce to in abin yana gare shi fa, ya ce in yana gare shi ka yi gibarsa, in babu ka yi masa ƙage. Wato kasancewar abu gaskiya bai ba mu izinin shanya shi a gaban mutum 200 ba. Kuma canza suna bai ɓoye kowa ba a gari irin namu. Damagaram ce fa, in ka ce mai sana'a kaza a Birni ko Zango ko Garin Malam, wanda matarsa ta rasu ta bar ɗiya ɗaya, kafin la'asar an gane gidan har da launin ƙofa.

Akwai kuma abu guda, gaskiyar da kika rubuta gaskiyar ƴar shekara 7 ce, abin da idon yaro ya gani daga ƙasa. Ki ɗan tsaya a inda Inna take. Mace ta shigo ko tana zaune aka miƙa mata ɗiyar wata, yarinyar tana kukan uwarta dare da rana, in ta tsawata a ce don ba ita ta haifa ba, in ta ƙyale a ce ta lalata marainiya, duk inda ta juya ido na kanta. Ranar bidon nan, ban san watan ba amma na san garinmu da ruwa, in lokacin zafi ne wajen Afrilu ko Mayu da famfo ke yin kwanaki bai kawo ba, a jera biduna tun dare, a samu guda da ƙyar sannan a ce ya fashe a hanya, wallahi uwar da ta haifa ma bakinta na iya suɓucewa. Bambancin shi ne in uwa ta faɗa, da dare za ta jawo ki jikinta maganar ta narke, ke kuwa ba ki samu wannan jawowar ba sai maganar ta daskare a ranki. Ba wanke ta nake ba. Amma ina tambayarki tsakaninki da Allah, cikin shekara 15 ɗin nan wa ke miki kitso ranar jajibirin salla, wa ya kwana zaune da zazzaɓi ya kama ki, wa ya tashe ki da asuba ranar jarrabawar birebe? In ita ce, ko sau ɗaya, ya shiga labarin? Kukan da kika ji tana yi shi ya fi komai ba ni fata a wasiƙarki. Wadda ba ta ɗauke ki ɗiya ba zagi za ta yi ko ta kai ƙara, ba za ta shiga ɗaki tana lissafin shekaru ba. Kuma ke jikinki ya mutu da kika ji, kin ga akwai abin da ya rage tsakaninku da ya isa a gyara.

Baba kuma ki yi masa uzuri, shi ne zai fita kasuwar Dole ko ya zauna a fada a bi shi da kallo, ga shi an nuna ma duniya cewa ana cutar marainiya a gidansa yana kallo. Ina jin rabin fushinsa kunya ce, rabi kuma wataƙila ciwon cewa akwai abin da ya faru da ɗiyar marigayiya bai sani ba sai a bakin mutane. Ƙanwarki kuwa uwarta ta kare, ke ma da taki ce haka za ki yi, kar ki ƙulla da ita.

To ga abin da nake ganin za ki yi, kuma na farkon yau ne ba gobe ba. Ki shiga gurup ki rubuta gajeren saƙo cewa labarin ya tsaya saboda uzurin gida, banda bayani, banda "ku taya ni da addu'a ana zaluntata", don wannan ƙara ma wuta fetur ne. Ki goge shafukan da ke hannunki, ki roƙi masu kula da sauran gurup su goge, duk da na san abin da aka riga aka tura ba ya dawowa duka. Yin hakan ne zai zama hujjarki in kin je ban haƙuri, kin zo da aiki a hannu. Ki sani kuma dokar laifukan intanet ta ƙasarmu Nijar ta 2019 ta haɗa da ɓata suna, ba ina tsorata ki da Inna ba ne, amma tunda rubutu kika ɗauka ya kamata ki san mutum mai rai ba a sa shi a labari yadda za a nuna shi da yatsa.

Kuɗin mutane kuma ki fita haƙƙinsu. Mutum 200 a dala 100 jikka 100 ke nan, ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurin mai ɗinki. Ki ba su zaɓi, wanda ke son kuɗinsa ki mayar masa ta hanyar da ya turo, wanda zai jira ki ba shi labari na gaba kyauta. In kin riga kin taɓa kuɗin ki faɗa musu gaskiya ki sa lokacin da za ki biya. Za ki ga yawancinsu za su jira.

Sannan Inna. Kar ki aika saƙo, kar ki aiki ƙanwarki, kuma kar ki yi a tsakar gida gaban yara. Ki ci gaba da gaishe ta safe da yamma ko ba ta amsa ba, ki ci gaba da aikin da kika saba. Ki nemi babba ɗaya da take jin nauyi, in kina da gwaggo ƴar uwar Baba ita ta fi, ki fara zuwa ki gaya mata komai ba ɓoyo, ku shiga ɗakin Inna tare bayan isha'i. Ki durƙusa ki ce Inna na yi kuskure da na fitar da sirrin gida, ki yafe mini. Iya nan. Ranar nan ba ranar "amma ke ma kin ce mini kaza" ba ce, in kika haɗa ban haƙuri da tuhuma duka biyun za su lalace. Tana iya yin faɗa, tana iya juya miki baya, ki daure ki tashi da ladabi, zuciyar da aka ƙona a bainar jama'a ba ta hucewa a zama ɗaya. Zancen abin da ya yi miki ciwo yana nan, ban ce ki binne shi ba, amma sai ƙura ta lafa, wata rana kuna ku biyu kuna tsinar zogale ko gyaran gero, ki ce Inna kin san maganar ranar bido har yau tana raina. Kina iya mamakin amsar, sau da yawa mai faɗa ya manta, mai ji ne ke ɗauke da kaya.

Abu ɗaya zan ware. In akwai cutar da ke gudana yanzu, duka ko hana abinci ko wani abin da ba ki rubuto mini ba, wannan ba maganar haƙuri ba ce, ki kai ma kawunki ɗan uwan mahaifiyarki ya zo ya zauna da Baba. Na ɗauki wasiƙarki ne a kan tsohon ciwo, in na yi kuskure ki gyara mini.

Baba sai bayan Inna ta sauko, don in ta sauko ita ce ma za ta fi kowa iya roƙa miki shi. Kafin nan ki bi umarninsa, kar ki buɗe wani gurup a ɓoye da wani suna, za a gane kuma amanar da ta rage za ta tafi. In lokaci ya yi ki same shi da gwaggo ki ce kina son rubutu, ki yi masa alkawari biyu, ba gidanku ba unguwarku a ciki, kuma duk abin da za ki saki wani babba da ya yarda da shi zai fara karantawa. In ya amince alhamdulillahi. In ya ce a'a, ki sayi kaye da bik ki nemi izininsa ki riƙa rubutawa ki ajiye ba tare da kin saki ba, rubutu ba ya ruɓewa, wata shida ko shekara ba za su kashe baiwar da Allah ya ba ki ba. Akwai ma hanyoyin da iyaye suka fi gani da mutunci, kamar gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara yi ma mata a 2016, gajeren labari ne ake turawa, kuma irin wannan in kin nuna ma Baba zai fi saurin fahimta a kan gurup ɗin da bai san su wa ke ciki ba.

Shi kuma labarin, in kin dawo gare shi wata rana, ki sake gini daga tushe. Ki kai yarinyar wani gari, Tanut ko Magarya ko ma garin da babu shi, uban ya zama mai wata sana'a, ki canza yawan yaran gidan, maganar bido ki bar ta a kayenki na sirri. Akwatin kuwa ki riƙe shi, naki ne, gadon uwarki ne, ba wanda zai ce kin tona masa asiri da shi. Sannan ki gwada abin da ya fi wuya, ki ba matar uban babi guda nata ita kaɗai, mu gan ta da dare bayan ta yi faɗan, ta leƙa ta ga yarinyar ta yi barci da zanen uwarta a ƙirji, ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon tuwo a hannu ta rasa yadda za ta shiga. Ba sai kin ce tana nadama ba, ki bar kwanon ya faɗa. In mai karatu ya zo yana son ya tsane ta sai ya ji ya kasa, ya ga uwarsa ko yayarsa ko kansa a jikinta, wannan kukan ya fi na haushi daɗewa, kuma kina da hannun da zai iya rubuta shi, wurin akwati ya nuna mini.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba amma na gani tsakanin layukan wasiƙarki. Shekara 15 kina ɗauke da mutuwar nan, ina jin ba ki taɓa samun wanda kika zauna kika yi zancen mahaifiyarki da shi har kika ƙoshi ba, shi ya sa ya fashe a gurup gaban baƙi. Dangin uwarki suna nan? In akwai iya ko inna ko wata ƙawarta ta ƙuruciya, ko a Mirya take ko Matamai, ki nemi izini ki je ki kwana biyu, ki tambaye ta yaya take dariya, wane abinci take so, me ta ce ranar da aka haife ki. Ranar Juma'a ki yi mata sadaka ko ta ƙosai ce, ki yi mata addu'a da sunanta.

Ki fara da saƙon gurup yau, gobe da safe ki je wurin gwaggo. In kun shiga ɗakin Inna kun fito, ko ta amsa ko ba ta amsa ba, ki rubuto mini yadda aka yi, sai mu duba maganar Baba tare. Allah ya daidaita tsakaninku ƴata, ina jiran saƙonki.